FUKUZAWA YUKICI, MALAMIN JAPAN

Idan kuka duba taswirar duniya, can gabas da ƙasar Sin, za ku ga waɗansu tsibirai jere cikin teku, manya guda huɗu da ƙanana masu yawa. Su ne ƙasar Japan. A wani babban gari nata mai suna Osaka aka haifi Fukuzawa Yukici, ran 10 ga watan Janairu, 1835. Mutanen Japan sukan fara faɗin sunan gida kafin sunan yanka. Saboda haka Fukuzawa sunan gidansu ne, Yukici kuwa shi ne sunan da ubansa ya raɗa masa.

Kafin a shiga labarinsa ya kamata a san irin zaman da ake yi a ƙasar a zamanin nan. Akwai Babban Sarki a birnin Kiyoto, ana girmama shi ƙwarai, amma ba shi ke mulki ba. Mulki yana hannun Shogun, watau sarkin yaƙi, wanda ke zaune a Edo, birnin da ake kira Tokiyo yanzu. Zuriyar Tokugawa ce ke riƙe da wannan sarauta tun 1603. A ƙarƙashin Shogun akwai hakimai fiye da 250, kowa da ƙasarsa da mayaƙansa. Jama'a kuwa an kasa su kashi huɗu. Na farko su ne samurai, watau mayaƙa, su kaɗai ke da izinin rataya takuba biyu. Sa'an nan manoma, sa'an nan masu sana'a, 'yan kasuwa ne na ƙarshe. Inda aka haifi mutum nan zai tsaya, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, kome hazaƙarsa.

Bayan wannan kuma ƙasar a rufe take tun wajen 1639. Ba a barin ɗan ƙasa ya fita, wanda ya fita kuwa ya komo, kisa ne hukuncinsa. Cikin Turawa duka mutanen Holan kaɗai aka yardar wa su zo ciniki, su ma an killace su a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima, a bakin garin Nagasaki. Ta wannan 'yar kafa ce labarin sauran duniya ke shigowa kaɗan kaɗan.

Uban Yukici samurai ne, amma cikin ƙanana. Mutumin Nakatsu ne, wani gari a tsibirin Kiyushu, hakiminsu ya aike shi Osaka ya riƙa lissafin shinkafa da kuɗi. Shi kuwa malami ne mai son littattafan Sin, ba ya jin daɗin aikin nan ko kaɗan, sai dai ba shi da ikon ya canja. Yukici yana da shekara ɗaya da rabi uban ya rasu. Uwar ta kwashi 'ya'yanta biyar ta koma Nakatsu, suka shiga zaman talauci. Yukici ya tashi yaro mai aikin hannu. Shi ke gyaran takalman katako na gidan, shi ke liƙe ƙofofin takarda, in guga ya faɗa rijiya shi ke dabarar fid da shi.

A Nakatsu samurai ma ba ɗaya suke ba. Akwai manya, akwai ƙanana. Ba su auratayya, ko maganarsu ma dabam take. Ɗan babban samurai, ko da daƙiƙi ne, yakan yi wa ɗan ƙarami magana da raini, shi kuwa ya amsa da ladabi. Wannan abu ya ci wa Yukici rai tun yana yaro. Daga baya uwarsa ta gaya masa ubansa ya so ya sa shi aikin limancin addinin Buda, domin ita ce hanya ɗaya da ɗan talaka ke iya ɗaukaka ta kanta. Da ya girma, duk sa'ad da ya tuna wannan sai tausayin ubansa ya kama shi, ya ƙara ƙin wannan tsari.

Ƙananan samurai suna jin kunyar a gan su suna cefane. In za su sayi mai ko giya sai su jira dare, su rufe fuska da ƙyalle. Yukici kuwa da rana tsaka yake tafiya, fuska a buɗe, takuba a rataye, kwalba a hannu. A ganinsa wanda ya sayi abu da kuɗinsa ba shi da abin ɓoyewa.

Wata rana yana da shekara 12 ko 13 ya taka wata takarda da ke ƙasa, bai sani ba. Ashe sunan hakiminsu ne a rubuce a jikinta. Wansa ya yi masa faɗa mai tsanani, ya tilasta masa neman gafara. Ya nema, amma zuciyarsa ba ta yarda ba. Sai ya fara gwada abubuwan da ake tsoratad da yara da su. Akwai wani ɗan ɗakin tsafi a gidan wani danginsu, ya faki ido ya buɗe, ya tarar dutse ne kurum a ciki. Ya jefar da shi, ya tsinto wani dutse a hanya ya sa a madadinsa. Da ranar biki ta zo ya ga mutane suna kaɗa ganguna, suna kai wa dutsensa baiko, ba abin da ya same shi. Tun daga ran nan ba ya karɓar magana don an ce kawai, sai ya bincika.

Bai fara karatu sosai ba sai da ya kai wajen shekara 14, bayan ya ga tsararrakinsa sun yi masa nisa. Amma da ya fara, nan da nan ya wuce su a littattafan Sin.

A cikin 1853 wani hafsan jiragen yaƙi na Amurka mai suna Peri ya iso bakin tekun Edo da jirage huɗu masu igwa, biyu daga cikinsu masu tafiya da wuta. Ya nemi a buɗe ƙasa a yi ciniki. Shogun ya duba, ya ga ba shi da abin tare su, a shekara mai zuwa ya sa hannu a kan yarjejeniya. Hankalin hakimai ya tashi, kowa yana neman wanda ya san aikin igwa. Littattafan igwa kuwa da harshen Holan aka rubuta su. Wan Yukici ya tambaye shi ko zai koyi harshen. Shi da ke neman hanyar barin Nakatsu ko ta halin ƙaƙa, nan take ya yarda. Ya tafi Nagasaki cikin 1854, yana da shekara 19. Sai da ya yi kwana uku kafin ya riƙe baƙaƙen Turawa guda 26.

Bai daɗe can ba. Akwai ɗan wani babban bafade na Nakatsu da ke karatu a garin, ya ga Yukici yana neman wuce shi, hassada ta kama shi. Ya ƙulla aka aiko da takardar ƙarya, wai uwar Yukici ba ta da lafiya, ya komo gida. Yukici ya gane makircin. Ya yi sallama kamar mai komawa Nakatsu, amma sai ya zarce Osaka, inda wansa ke aiki. A nan ya shiga makarantar wani likita mai suna Ogata Koan cikin 1855.

Makarantar nan abin mamaki ce. Ɗalibai matalauta ne, tufafinsu duk dauɗa, amma ba su da aiki sai karatu dare da rana. Ƙamus ɗin harshen Holan da suke dogara da shi guda ɗaya ne, rubutun hannu, an ajiye shi a ɗaki guda, sai a yi ta jiran juna a gabansa har asuba. Yukici ya taɓa yin ciwo ya nemi matashin kai, sai ya tuna ashe ba shi da shi, domin ya daɗe bai shimfiɗa ya kwanta sosai ba, a bakin teburin karatu barci ke ɗauke shi. Ba karatu kaɗai suke yi ba, suna gwada abin da suka karanta. Sun taɓa dafa kofaton doki don su fid da wani sinadari, wari ya hana maƙwabta sakat, har karnuka na bin su da haushi. Tilas suka ɗauki tukunyar suka shiga kwalekwale suka yi aikin a tsakiyar kogi.

Wata rana wani babban hakimi da ke wucewa ta Osaka ya ara wa malaminsu sabon littafin kimiyya mai tsada, a kan zai karɓi abinsa in zai tashi. Ɗaliban suka buɗe, suka ga bayanin lantarki wanda ba su taɓa jin irinsa ba. Suka raba aiki, wannan na karantawa, wannan na rubutawa, in ya gaji wani ya karɓa. Cikin kwana uku suka kwafe babin duka, suka mai da littafin a kan lokaci.

Ana cikin haka wansa ya rasu cikin 1856, nauyin gida da bashi suka faɗo a kansa. Ya sayad da littattafan ubansa, wajen guda 1,500, ya biya bashin. Dangi suka taru suka ce ya zauna gida ya kama aikin gado. Uwarsa kaɗai ta goyi bayansa, ta ce ya tafi ya yi karatunsa. Ya koma Osaka, a shekara mai zuwa ya zama shugaban ɗalibai. Cikin 1858 hakimin Nakatsu ya umurce shi ya tafi Edo ya koya wa samarinsa harshen Holan. Ya buɗe 'yar makaranta a wani ɗaki na gidan hakimin.

A cikin 1859 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga baƙi. Yukici ya taka da ƙafa tun daga Edo don ya gwada harshen da ya sha wahalar koyo shekara biyar. Da ya isa ya dubi allunan kantuna, bai iya karanta ko ɗaya ba. Ya yi wa Turawa magana, ba su ji ba. Ashe harshen Ingilishi ne ke tafiyad da cinikin duniya, ba na Holan ba. Ya komo gida ransa a ɓace, ƙafafunsa sun gaji. Waɗansu abokansa da suka ji labari suka ce ba su iya sake sabon farawa. Shi kuwa kashegari ya ƙudura niyyar koyon Ingilishi. Bai sami malami sosai ba, sai ya nemi ƙamus mai fassara Ingilishi da harshen Holan, ya riƙa bi kalma kalma.

Shekara na kewayowa, cikin 1860, Shogun ya aika da jakadu Amurka, aka sa wani ƙaramin jirgi mai suna Kanrin Maru ya raka su. Mutane da yawa suna tsoron tafiyar, amma Yukici ya je ya roƙi shugaban jirgin ya ɗauke shi a matsayin bara. Suka yi kwana 37 bisa teku, hadari na jifa da su, kafin su isa San Faransisko. Abubuwan da Amurkawa suka zaci za su ba shi mamaki, kamar wayar tangaraho da injuna, ba su dame shi ba, domin ya riga ya karanta su a Osaka. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne zaman mutane. Ya ga ana taka darduma mai tsada da takalmi. Ya tambayi wani mutum inda zuriyar Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, take. Mutumin ya amsa sama sama, kamar abin bai dame shi ba. Yukici ya yi shiru yana tunani, domin a ƙasarsu zuriyar wanda ya kafa mulki ita ke bisa kowa. Ya komo da ƙamus ɗin Webster, wanda ya zama masa babbar dukiya.

Cikin 1862 aka sake aika jakadu, wannan karo zuwa Turai, aka tafi da shi tafinta. Suka bi ta Masar, suka ga Faransa da Ingila da Holan da Jamus da Rasha da Fotugal. Ko'ina ya je yana riƙe da ɗan littafi yana tambaya. Wa ke biyan kuɗin asibiti? Yaya banki ke aiki? Yaya ake manna ɗan kan sarki a takarda ta kai gari mai nisa? Abin da ya fi ba shi wuya shi ne majalisar dokoki ta Ingila. An nuna masa mutum biyu aka ce abokan gāba ne a siyasa, ga su kuwa suna cin abinci a tebur ɗaya. Sai da ya yi kwanaki yana juya abin kafin ya gane.

Da ya komo ya tattara abin da ya gani ya rubuta littafi a kan halin zaman ƙasashen Yamma, aka buga kashi na farko cikin 1866, aka sayad da kamar 150,000. Malaman zamanin suna rubutu da kalmomin Sin masu wuya, don a san su masana ne. Shi kuwa yana so ko 'yar aikin gida ta ji an karanta ta gane. Wannan sauƙin magana shi ya kai littattafansa ƙauyuka.

Amma zamanin yana da hatsari. Akwai samurai masu zafin kai da ke cewa a kori baƙi duka, suna sarar duk wanda suka ga yana koyon ilmin Turawa. Yukici ya yi shekara fiye da goma ba ya fita da dare. Duk da haka shi da kansa ya sayad da takubansa tun kafin doka ta hana rataya su.

Cikin 1868 mulkin Tokugawa ya faɗi, aka mayar wa Babban Sarki Meiji da mulki, aka sake wa Edo suna Tokiyo. A shekaran nan Yukici ya raɗa wa makarantarsa suna Keio. Gari ya yamutse, makarantu sun rufe, ɗalibansa sun watse har saura 18. Wata rana aka gwabza yaƙi a unguwar Ueno, kamar mil biyar daga makarantar. Ana jin ƙarar igwa, yara na hawa rufin ɗaki suna hangen hayaƙi. Shi kuwa ya buɗe littafin tattalin arziki na wani Ba'amurke mai suna Wayland, ya ci gaba da darasi kamar kullum. Har yanzu makarantar tana tunawa da wannan rana kowace shekara, ran 15 ga watan Mayu.

Sabuwar gwamnati ta yi gyare-gyare da sauri. Ta soke mulkin hakimai cikin 1871, ta kafa dokar makarantun firamare ga maza da mata cikin 1872, ta hana rataya takobi cikin 1876. Tana bukatar masu ilmi ƙwarai, ta yi ta kiran Fukuzawa ya karɓi muƙami, yana ƙi. Dalilinsa shi ne ya ga kowane yaro mai ilmi ba shi da buri sai ya zama ma'aikacin gwamnati, jama'a kuwa sun saba jiran hukuma ta yi musu kome. Yana so ya nuna da kansa mutum na iya tsayawa da ƙafafunsa, ya ci abinci da guminsa, ya kuma amfani ƙasarsa. Don haka ne ma ya sa ɗalibai su riƙa biyan kuɗin makaranta wata wata, abin da ba a saba ba a Japan, don kada makarantar ta dogara ga wani mai sarauta.

Ya gane sauya doka ya fi sauya hali sauƙi. Wata rana yana tafiya a ƙauye ya gwada mutanen da yake gamuwa da su. In ya tambayi hanya da tsawa irin ta samurai, sai mutum ya rusuna yana rawar jiki. In ya tambayi na gaba da tawali'u irin na ɗan kasuwa, sai a amsa masa da raini. Wata rana kuma wani manomi ya hango shi ya yi maza ya sauka daga dokinsa. Fukuzawa ya tsai da shi, ya gaya masa doki nasa ne, doka kuwa ta ba kowa izinin hawa, bai bar shi ba sai da ya sake hawa. Abin ya ba shi baƙin ciki, ganin yadda tsoro ya zauna cikin jinin talakawa.

Don maganin wannan ya rubuta waɗansu ƙananan littattafai guda 17 tsakanin 1872 da 1876, masu kwaɗaitad da mutane ga neman ilmi. Na farkonsu kaɗai an sayad da kamar 200,000. A ciki ya koyar cewa ba a haifi kowa da fifiko bisa wani ba, bambancin da ake gani ilmi ne da rashinsa ke kawo shi. Ilmin da yake nufi kuwa mai amfani ne, watau karatu da rubutun wasiƙa, da lissafi, da labarin ƙasa, da tarihi, da kimiyya. Ya ce ƙasa ba ta samun 'yancin kanta sai mutanenta sun iya riƙe kansu. Ya fassara littafin koyon lissafin ciniki. Ya gina zauren lacca cikin 1875 don a koyi magana a gaban jama'a, domin a da ana cewa harshen Japan bai dace da wannan ba. Ya kafa jarida mai suna Jiji Shimpo cikin 1882. Ya yi rubutu da yawa a kan kada a wulakanta mata, ko da yake a gidansa 'ya'yansa maza ya aika Amurka karatu, matan kuwa bai kai su nesa haka ba.

Akwai wani wuri kuma da ya yi tuntuɓe, bai kamata a ɓoye ba. Da fari ya so maƙwabtan Japan su farka tare da ita. Ya karɓi samarin Koriya a makarantarsa, ya taimaki masu neman gyara a ƙasarsu. Da yunƙurinsu ya rushe cikin 1884, aka kashe waɗansunsu, sai ya fid da rai. Cikin 1885 jaridarsa ta buga wani sharhi, wanda mafi yawan masu tarihi suka ce shi ya rubuta, mai cewa Japan ta daina jiran Sin da Koriya, ta shiga sahun Turawa, ta yi musu yadda Turawa ke yi musu. Da yaƙi ya tashi tsakanin Japan da Sin cikin 1894 ya goyi bayansa da zafi, har ya ba da gudunmawar yen 10,000. Mutumin da ya ƙi a raina ɗan ƙaramin samurai, ga shi yana raina maƙwabta. Shekara tara bayan rasuwarsa, cikin 1910, Japan ta haɗiye Koriya, ta mulke ta har 1945. Shi ya sa har yau akwai mutane a Koriya da Sin da ba su ambatarsa da alheri.

Ya rayu har ya ga an kafa tsarin mulki cikin 1889, majalisar dokoki ta fara zama cikin 1890. A shekaran nan kuma Keio ta buɗe sashen jami'a. Cikin 1898 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya sami sauƙi. Cikin 1900 fadar Babban Sarki ta ba shi kyautar yen 50,000 saboda aikinsa, ya miƙa wa makarantar kuɗin duka. Ciwon ya komo, ya rasu ran 3 ga watan Fabrairu, 1901, yana da shekara 66, bai taɓa riƙe muƙami a gwamnatin Meiji ba. Ɗalibansa ne suka ɗauki gawarsa a kafaɗa, mutum wajen 15,000 suka bi su da ƙafa.

Keio tana nan a Tokiyo, tana cikin manyan jami'o'in Japan. Daga 1984 har zuwa 2024 hotonsa ne ake bugawa a takardar yen 10,000, wadda ta fi kowace takardar kuɗi daraja a ƙasar. A Nakatsu kuma an adana gidan da ya zauna yana saurayi, mai rufin ciyawa. A bayansa akwai wani ɗan ɗakin ajiya mai bene, wanda ya gyara da hannunsa ya riƙa hawa yana karatu. 'Yan makaranta sukan zo daga garuruwa su gan shi.